Surukina Yana Kai Kwamfutata Wanki

Assalamu alaikum Anti Sharifa. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da zan zo ina da-na-sani, domin yadda raina yake a ɓace yanzu, in na buɗe baki a gidan surukaina ba na jin abin da zai fito zai yi daɗin ji. Na san matsalolin da ake kawo miki sun fi tawa nauyi. Wasu ma za su karanta su ce wannan ba ta da aikin yi, a kan kwamfuta take kuka. To su ce. Ni dai na san abin da ke shirin kuɓuce min.

Ni matar aure ce a Birnin Kudu, da 'ya'ya biyu. Lissafi na karanta, na yi koyarwa a wata makarantar kuɗi har na gaji, sannan na shiga koyon rubuta manhaja ta intanet. Kwamfutata laftof ce ta hannu, da guminta na saye ta, kuma ita kaɗai ce abin da zan nuna a gidan nan in ce nawa ne ni kaɗai. Bana Allah ya sa wani ƙaramin kamfani a Kano ya ɗauke ni gwaji, ina yi musu aiki daga gida. In na yi abin kirki su riƙe ni, in ban yi ba akwai masu jira a baya.

Sharaɗinsu na farko shi ne kowa ya haɗa wurin aikinsa na cikin kwamfuta iri ɗaya da na sauran, don kada abin da ya tashi a wajen wannan ya ƙi tashi a wajen wancan. Su a kan tsarin Linux suke aiki, tawa kuma Windows ce a kanta. Maganin shi ne abin da suke kira VM. Wato ki gina wata kwamfuta ta biyu a cikin taki, da nata tsarin da nata kayan aikin, ki buɗe ta ki shiga ki yi aiki, ki rufe ki fito. Ni dai kwamfutar ciki nake ce mata. Amma ga wanda ya leƙa daga waje, duk wannan ba komai ba ne illa wani ƙaton fayil mai suna marar kan gado, da ya zauna ya cinye wuri.

Anti, wahalar da na sha kafin kwamfutar cikin nan ta tashi, Allah kaɗai ya sani. Sauke Ubuntu kawai, wato irin Linux ɗin da suke so, sai da ya kusa fitar da ni daga hayyacina. Netwok ɗin unguwarmu sai ya bari abin ya kusa ƙarewa sannan ya yanke, a koma farko. Na riƙa saɓar kwamfuta ina zuwa gidan wata ƙawata kusa da babban titi inda ya fi ƙarfi, in zauna a tsakar gidanta ina kallon layi yana rarrafe, ita tana tsintar shinkafa tana yi min dariya. Da ya sauka na danna kwamfutar ciki ta tashi, sai ta ƙi, wai akwai wani izini a kulle can cikin BIOS, saitin da kwamfuta ke farawa da shi tun kafin Windows ta buɗe. Sai an kashe an kunna ana dukan wani maɓalli da sauri kafin ta wuce. Na kashe na kunna har yarana suka ɗauka wasa ne suka zo taya ni. Da na buɗe izinin ta tashi, amma da wani ɗan koren kunkuru a ƙasan allo, alamar tafiyar kunkuru za ta yi, ta kuwa yi ɗin. Na bi na kashe abin da ke gogayya da ita. Aka zo rabon ƙwaƙwalwa: in na ba ta ciki da yawa, ta waje ta sandare, in na rage, ta ciki ta ƙi motsi. Bayan nan aka shiga ɗora kayan aikin kamfani ɗaya bayan ɗaya, kowanne da irin wanda ake so, wannan ya ƙi zama da wancan. Ga wuta da ba ta zuwa sai ta ga dama. Ranar da komai ya tashi lafiya lau, taliya da kifi na dafa wa yara, suna ci suna tambayar baƙi za a yi ne.

Yanzu ga surukina. Baba Alhaji a Zandam yake, can ƙasar Gwaram. Manomi ne kuma malami, ya daɗe da sauke farali. Duk shekara in aikin Hajji ya matso, tsofaffin da suka biya kujera daga Zandam da Maruta da Kwandiko sukan taru a gidansa ya yi musu bita, ƙari a kan wadda hukuma ke yi, domin da yawansu a babban taro kunyar tambaya suke ji. Da, akwati yake kafawa a tsakar gida ya lulluɓe shi da baƙin zane su zagaya. Wata rana ya zo gidanmu, maigidana ya buɗe kwamfutata ya nuna masa bidiyon ɗawafi da safa da marwa da jifa, Baba ya kalla, ya ce wannan ne abin da tsofaffinsa ke buƙata. Ba a jima ba ya aiko a ara masa. Wace ce ni da zan hana? Na ma ji daɗi wallahi, na ɗauka lada zan samu a ɓagas.

Gidan su Baba suna da wata ɗabi'a da na yaba tun ina amarya: ba sa mayar da kayan aro yadda suka karɓe shi. In fartanya suka ara, sai ta biya maƙera an koɗa ta. In tukunya ce, a goge ta har gindi, a kuma saka wani abu a ciki. In babur ne, a wanke a zuba mai. A wajen Baba, ka mayar da abu haka kawai rashin tarbiyya ne. To ita ma kwamfuta ta wannan hanyar ya bi da ita. Da ya gama bita ya shigo Birnin Kudu, bai ƙaraso gidanmu ba sai da ya biya shagon wani mai gyaran waya da kwamfuta, bari in kira shi Musbahu, ya ce a duba ta a wanke ta tas kafin ta koma hannun mai ita. Musbahu ya duba ya ga wuri ya cika, ya nemo abin da ya fi cin wuri, ya ga ƙaton fayil ɗin nan da bai san amfaninsa ba, ya goge shi, ya share har kwandon shara. Baba ya kawo ta a naɗe cikin sabon tawul, fuskarsa cike da fara'a, yana ba da labarin yadda aka ciro wani ƙaton datti da ya danne ta, yanzu sai gudu.

Ina durƙushe ina ta godiya, ban san abin da aka ciro ba. Sai da ya tafi na buɗe na nemi kwamfutar ciki na rasa. Duk abin da na rubuta wa kamfani a cikinta yake, ban tura ko'ina ba. Na zauna a bakin gado na kasa ko kuka.

Shugabar rukuninmu, Munawwara, ta yi min uzuri. Ce mata na yi kwamfutata ta samu matsala, ta ce ba komai, ta nuna min yadda zan riƙa tura abin da na rubuta zuwa ma'ajiyar kamfani ta intanet kullum. Na koma gidan ƙawata, na koma wajen kunkuru, na sake ginawa daga tushe. Na kuma zaunar da maigidana na yi masa bayani dalla-dalla, na ce ya je ya gaya wa Baba cikin ladabi cewa ba a kai wannan abin wanki.

Maigidana mutumin kirki ne, ba zan ɓoye ba, amma a gaban mahaifinsa bakinsa mutuwa yake. Shi ne ɗan fari. Ko sunansa Baba ba ya kamawa, kuma hira ba ta haɗa su in ban da gaisuwa da maganar gona. Ya ce in bar masa. Ya hau babur ya tafi Zandam takanas, ya gaishe shi, suka tattauna tsadar taki, ya ci tuwo, ya dawo min da ƙullin daddawa daga Inna, surukata. Da na tambaye shi, cewa ya yi bai ga fuska ba.

Da aka sake aikowa aro, na yi dabara. Na sauya wa fayil ɗin suna, na rubuta KADA A GOGE da manyan baƙaƙe, ina ganin na gama da matsala. Ashe godiyar da muka yi a karon farko ta shiga ran Baba. Ya gaya wa Musbahu cewa wancan wankin ya faranta wa 'yarsa rai ƙwarai, don haka wannan karon a yi wanda ya fi shi. Musbahu ya yi mata fomatin gaba ɗaya, wato ya share duk abin da ke cikinta, ya ɗora sabuwar Windows. Ya ma yi ƙoƙari a nasa ganin, ya kwashe min hotuna da takardu ya mayar, ƙaton fayil ne kawai ya fi ƙarfin filashinsa ya bar shi ya tafi. Ta dawo da wasannin mota da na ƙwallo da manhajoji barkatai da ban nema ba. Abin da na rubuta ya tsira tunda na tura, amma wurin aikin ya sake rushewa, kuma ginin wurin aikin ne ke cin rai. Na sake durƙusawa na sake godiya.

Karo na gaba ni na jawo. Da saƙon aro ya zo, na ce wa maigidana ya ce kwamfutar ta lalace. Ya ji daɗin wannan shawarar fiye da kima, don ta fi masa sauƙi a kan gaskiya. Abin da ba mu lissafa ba shi ne Baba zai ɗauka a hannunsa ta lalace. Hankalinsa ya tashi. Washegari ya shigo mota ya zo da kansa, ya tarar na tafi gidan suna, ya ce a miƙo ta ya kai ta asibitinta. Maigidana ya shiga ɗaki ya ɗauko ya miƙa masa da hannu biyu. Na dawo na tarar da ita a kan gado, an sake yi mata fomatin, an kuma saka mata sabon batir. Batirin kuwa yana riƙe wuta sosai, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi, don ba ni da bakin cewa bai tsinana min komai ba.

Ranar na yi wa maigidana maganganun da ban taɓa yi masa ba. Na ce da baburinsa ne ake kwance wa inji duk lokacin da aka ara, da tuni ya ga fuska. Ya ce aiki ana rasa shi a samu wani, amma shi ba zai tsaya gaban mahaifinsa ya ce masa alherinsa ɓarna ne ba. Tun daga nan gaisuwa ce kawai tsakaninmu, da maganar cefane.

Ita ma Munawwara haƙurinta ya kusa ƙarewa, kuma ban ga laifinta ba. Kullum labarina ɗaya ne, kwamfuta ta samu matsala. Ban taɓa gaya mata gaskiyar abin ba, saboda kunya. Ina tunanin yadda za su yi dariya a ofis su ce ga ta ƙauye can da ake wanke wa kwamfuta kamar tukunya. Yanzu ta ce manya sun fara tambaya a kaina. Ƙarshen watan nan za a yi taro ta bidiyo, kowa ya buɗe wurin aikinsa a kan allo ya nuna abin da ya gina yana aiki. In ban nuna ba, za a ba wani gurbina. Ta faɗa a hankali, amma ta faɗa.

Na sake ginawa, Anti. A yanzu da nake rubuta miki komai yana tafiya daidai, ko kunkurun babu. Sai ga saƙo jiya: Baba zai yi bitar ƙarshe mako mai zuwa kafin a fara jigilar alhazai, ya riga ya sanar da mutane za a nuna musu Ka'aba a allo, kuma ya ce wannan karon wanki na musamman zai sa a yi mata tunda shi ne na ƙarshe a bana. In ta tafi ta dawo a wanke, ba ni da lokacin sake ginawa kafin taron. Shi ke nan aikin ya tafi.

Tunani babu irin wanda ban yi ba. Na ce in ɗauki kwamfutata in tafi gidanmu sai an gama bita. Na ce in je shagon Musbahu in zazzage masa abin da ke cikina, sai na tuna shi abin da aka sa shi ya yi. Na ce in cire kunya in tari Baba da kaina, amma ni da ko ido ba na haɗawa da shi, ta ina zan fara? Sayen wata kwamfutar ba shi cikin lissafi. Wani lokacin kuma in na tuna tsofaffin matan nan da ba su taɓa wuce Kano ba, za su tsaya a gaban ɗakin Allah ba su san ta inda ake farawa ba, sai in ji kamar ni ce mai son kai. Can kuma haushin ya dawo. Me ya sa kullum aikina ne abin da za a iya sadaukarwa? Don ba a ganinsa da ido? Don a ɗaki nake yinsa da zani a ɗaure?

Ina ƙaunar dattijon nan, Allah ya sani. Bai taɓa ɗaga min murya ba, 'yarsa yake kirana. Amma wallahi in na ji an ce ga saƙo daga Zandam, gabana faɗuwa yake. Ki gaya min yadda zan yi in tsira da aikina ba tare da na zama surukar da ta hana malami kayan koyar da aikin Hajji ba.

Taki,
Mai Kwamfutar da Ta Gaji da Wanka, Birnin Kudu


Wa alaikumus salam ƙanwata.

Matsalarki ba ƙarama ba ce, kada ki bari kowa ya raina miki ita. Abincinki ne ke cikin haɗari, da zaman lafiyar gida biyu. Na yi dariya da na zo wurin da kuka ce ta lalace Baba ya zo ya kai ta gyara, ki yafe min, amma dariyar ba ta daɗe ba.

Kina da gaskiya ki ji haushi. Aikin da ake yi a ɗaki aiki ne, kuma ba wanda ya isa ya ce naki ne zai riƙa zama abin sadaukarwa. Amma ki duba ta wajen Baba. Shi da abin da kuka ba shi yake aiki, kuma abin da kuka ba shi godiya ce. Ya yi, kin durƙusa kin gode. Ya ƙara, kin ƙara godiya. Ko ni ce, cewa zan yi na gano abin da ke faranta miki rai. Musbahu ma ki sauke shi daga zuciyarki, an ce ya wanke ne ya wanke. Kaso mafi girma na wannan damuwar yana wuyan maigidanki, kuma zan zo kansa.

Mu fara da na'urar. Ni ba injiniya ba ce, don haka na kai wasiƙarki wajen Malam Zulkifli mai kula da kwamfutocin ofishinmu. Ya ce abu na farko, yau ba gobe ba, ki fitar da kwafin kwamfutar cikin gaba ɗaya. Manhajar da kike amfani da ita tana da wurin yin haka, takan dunƙule komai ta ba ki fayil guda. Ki ajiye shi a ma'ajiyar waje, ko babban filashi, ko da aro za ki yi, ki ɓoye shi inda kike ɓoye sarƙarki. Kada ki yarda da kwafin sai kin gwada mayar da shi kin ga ya tashi. Ya ce in ja kunnenki: duk ajiyar da kika yi a cikin kwamfutar kanta, komai sunan da kika ba ta, tare za su tafi ranar fomatin. Abu na biyu, tunda kin gina wurin nan har kin haddace shi, ki tattara umarnin da kike bugawa ɗaya bayan ɗaya ki mayar da su fayil guda da zai riƙa ɗora komai da kansa, ki tura shi ma'ajiyar kamfani tare da sauran aikinki. Ya ce irin wannan ma abin nunawa ne a taronku.

Sai wani abu da ba ki ambata ba, shi kuma ya fi ɗaga masa hankali. Kwamfutar nan akwai aikin kamfani a ciki, da kalmomin sirrin shiga ma'ajiyarsu. Kowane aro, tana kwana a hannun da ba naki ba, tana zama a shagon da kowa ke shiga. Ba na zargin kowa, amma wannan amanar mutane ce, kuma ba ki da ikon bayar da ita aro ko da ranki yana so. Ki sauya kalmomin sirrin. Ki kuma riƙe wannan maganar, domin ita ce dalilinki na gaskiya a gaban Baba, kuma malamin da ke koyar da aikin Hajji ba sai an yi masa dogon bayani a kan amana ba.

Bitar mako mai zuwa kuwa ba sai an fasa ba, tsofaffin nan suna da haƙƙin su ga abin da aka yi musu alkawari. Bidiyo ba ya buƙatar kwamfutarki. A zuba shi a filashi a nemi talabijin mai karɓar filashi, ba za a rasa a Zandam ko cikin Gwaram ba, allon ma ya fi girma ga idon tsoho. In hakan bai samu ba, maigidanki ya ɗauki kwamfutar da kansa, bayan kin ajiye kwafinki, ya je ya zauna ya kunna musu, ya rufe ya dawo da ita a ranar. Kin ga ba a yi aro ba ke nan, ɗa ne ya je taya mahaifinsa aiki da kayan gidansa. Inda ba aro, ba wanki.

Munawwara kuma ki kira ta ki gaya mata abin da ya faru tun daga farko. A yanzu kallon da take miki na wadda ba ta iya riƙe na'urarta ba ne, kuma wannan ya fi gaskiyar muni nesa ba kusa ba. In sun yi dariya su yi. Wadda ta gina wurin aiki daga tushe sau da yawa haka, da irin netwok ɗin da kika kwatanta, ba abin dariya ba ce a wajen mai neman ma'aikaci.

Duk waɗannan dabaru ne na tsallake wannan watan. Baɗi ma akwai Hajji. Dole Baba ya sani, kuma kafin bitar, ba bayanta ba. Ban ce ki tare shi ido da ido ba, na san gidajenmu. Kina da Inna. Ku je ku biyu, ki shiga ɗakinta ki gaya mata komai a fili: akwai aikin mutane a cikin na'urar, abin da ake cirewa a wajen wanki shi ne aikin, kun ɓoye ne don nauyin Baba da kuke ji, kuma maganar ta lalace ba gaskiya ba ce. Kada ki rage wannan ta ƙarshen, don har yanzu yana ɗauke da zaton a hannunsa ta lalace. Inna ta san lokacin da ake kai masa magana da yadda ake kai ta, ta fi ku sanin mijinta. Kada kuma ku rufe masa hannu. Mutum ne da ba ya iya mayar da alheri da baki kawai, in ya tambayi abin da na'urar ke buƙata, ku ce ma'ajiyar waje, ku bar shi ya saya in ya so.

Ba zan yi miki ƙarya in ce ba zai ji ciwo ba. Zai ji. Wataƙila ya yi shiru na ɗan lokaci, wataƙila ya daina aikowa ko da kun yi tayi. Ki jure wannan, ki ci gaba da gaisuwa da aike yadda kika saba. In kuma, abin da ba na zato, ya dage sai an ba shi ita ya tafi da ita, to amsar a'a ce, cikin ladabi, kuma daga bakin ɗansa za ta fito.

Malam maigida, na san za a miƙo maka wannan shafin, don haka ga naka. Kunyar ɗan fari abu ne mai kyau, ba na raina ta. Amma ka je Zandam ka ci tuwo ka dawo, ka bar matarka da asara, ka kuma shiga ɗaki ka ɗauko kayanta ka bayar ba ta nan. Wannan ba ka kyauta ba, kuma ka ba ta haƙuri. Kana cewa ba za ka iya gaya wa mahaifinka alherinsa ɓarna ne ba. To ka bar shi yana shiga mota daga Gwaram, yana cire kuɗi daga aljihunsa, yana biya a rushe aikin yarinyar da yake kira 'yarsa, yana murna, yana ba mutane labari. Shirun nan kai yake karewa, ba shi ba.

Ƙanwata, irin wannan maganar ba ta ɓoyuwa har abada. In aikin nan ya kuɓuce, wata rana wani zai gaya wa Baba dalili, a wajen biki ko a bakin kasuwa. Ranar ba zai tambayi me ke cikin kwamfutar ba. Zai tambayi me ya sa 'ya'yansa biyu suka zuba masa ido yana cutar da ke, ba wanda ya ga ya isa a gaya masa gaskiya. Wannan ciwon ya fi wanda kuke gudu, kuma har yanzu kuna da damar ku hana shi.

Allah ya ba ki sa'a a taronku, ya tabbatar miki da aikin, ya daidaita tsakaninki da maigidanki. Baba Allah ya saka masa da alheri a kan niyyarsa, tsofaffinsa kuma Allah ya kai su lafiya ya dawo da su lafiya.

Anti Sharifa